Injin Tsotsar Miki: Abin Da Ya Sa Horar Da Nas-Nas Ya Fi Sayen Na'ura Muhimmanci

Kowane ɗan kasuwa ya san akwai asarar da ta fi ta faɗuwar farashi ko kamun kwastan ciwo, ita ce ta kwanciya jinya. Kaya idan suka yi kwantai akan karyar da su a mayar da wani abu. Amma mutumin da miki ya kwantar wata uku ko huɗu a gadon asibiti, rumfarsa a rufe take, abokan cinikinsa sun koma wurin maƙwabci, jarin kuwa kullum gutsurarsa ake yi ana sayen auduga da bandeji da allura. A kasuwannin kan iyaka, tun daga Illela da Ƙonni, Jibiya da Maigatari, har zuwa Gaya, Malanbil da Sinkase, ba a rasa wanda idan aka bi diddigin karyewarsa za a tarar daga haɗarin babur ta faro, ko kuma daga ɗan ƙurjin da ya fito wa mai ciwon sukari a yatsan ƙafa.

Akwai wata dabarar jinyar irin waɗannan raunuka wadda ta shekara kusan 30 ana amfani da ita a duniya, kuma sannu a hankali tana shigowa manyan asibitocin Afirka ta Yamma. Ana cusa soso a cikin mikin, a rufe shi ruf da leda mai manne, sannan a haɗa shi da injin da zai riƙa tsotsar ruwan da ke taruwa a ciki dare da rana. Likitocin Nijeriya da Gana sukan kira ta VAC ko NPWT, na Burkina Faso da Nijar kuwa sukan ce VAC ko TPN. Duk wanda aka ambata masa ɗaya daga cikin waɗannan sunaye a asibiti, to wannan injin ake nufi.

Sai dai kafin mai karatu ya sa hannu a aljihu, ya kamata ya san cewa injin shi kaɗai ba ya aikin komai. Likita yakan yanke shawarar sa shi, ya wuce ɗakin tiyata. Wanda zai zauna da shi sa'o'i 24 a kowace rana shi ne nas. Idan nas ɗin ya sami horo, injin yakan ceci ƙafa. Idan bai samu ba, yakan iya janyo asarar rai.

Wagadugu, birnin babura

Hausawa sun daɗe da sanin Wagadugu, domin ƙasar Mosawa tana kan hanyar da fataken goro suka riƙa bi zuwa Gwanja. Tsohon zangonsu a tsakiyar birnin, wato unguwar Zangouettin, an rushe shi a shekarar 2003 domin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi. A wannan shekarar ce kuma gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, wadda ba a sake buɗe ta ba sai a 2009. Waɗannan abubuwa biyu sun warwatsa 'yan kasuwa zuwa unguwanni da ƙananan kasuwannin birnin, irin su Dassasgho da ke ɓangaren gabas, ta wajen hanyar da ta nufi Fada N'Gurma da iyakar Nijar. Wanda a da yake takawa da ƙafa daga gida zuwa rumfa, sai ya koma hawa babur safe da yamma.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahaɗar tituna a Wagadugu da sassafe ya ga yadda babura ke kwarara kamar tururuwa, maza da mata, tsofaffi da 'yan makaranta, wasu da buhuna a baya. Mai babur kuwa jikinsa ne garkuwarsa. Idan mota ta buge shi, ƙwaurinsa ne ke fara karɓar dukan, kuma ƙwauri wuri ne da fata kawai ta lulluɓe ƙashi, babu tsoka mai kauri a gabansa. Shi ya sa karayar da ƙashi ke huda fata ya fito waje, da raunin da kwalta ta kwashe fata da nama, suka zama ruwan dare a sashen haɗurra. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗurran hanya, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'arta. Waɗanda suka tsira da raunuka sun ninka wannan adadi sau da yawa.

A Wagadugu 'yan kwana-kwana ne, waɗanda ake kira ta lamba 18, suke ɗaukar wanda ya yi haɗari zuwa asibiti. Manyan raunuka sukan ƙare a asibitocin koyarwa, wato Yalgado Ouédraogo, ko Bogodogo, ko Tengandogo wanda aka ƙaddamar a 2010, yara kuma a asibitin Charles de Gaulle da aka buɗe a 2001. Tun 2016 gwamnatin Burkina Faso ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu juna biyu kyauta. Magidancin da ya karye a babur ba ya cikin wannan rukuni, don haka kowace rana da ya ƙara a gado, daga aljihunsa ko na danginsa take fita.

Bayan haɗari, sai ciwon sukari. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke fama da shi a yankin Afirka, fiye da rabinsu kuma ba su san suna da shi ba. Cutar tana kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka ƙusa bai ji ba, ta kuma rage jinin da ke isa wurin, sai ƙaramin rauni ya zama gyambo. Akwai kuma gyambon kwanciya da ke fitowa a ƙugun wanda ya shanye, da ɗinkin tiyata da ya buɗe bayan ruɓa. Waɗannan su ne raunukan da aka ƙera injin dominsu.

Yadda injin yake aiki

Bahaushe ba baƙo ba ne ga hikimar zuƙa. Wanzami idan ya kafa ƙaho ya zuƙe iskar ciki, fata takan taso jini ya taru a wurin. Injin nan ma zuƙa yake yi, sai dai akwai babban bambanci: ƙaho jini yake nema, shi kuwa wannan inji ganin jan jini a cikin tiyonsa alama ce ta haɗari.

Da farko likita zai yanke duk mataccen nama ya wanke mikin sosai, galibi a ɗakin tiyata. Daga nan sai a yanka wani soso na musamman mai ƙananan ƙofofi daidai da fasalin mikin, a shimfiɗa shi a ciki. Wasu sukan yi amfani da bandejin auduga mai laima maimakon soso. Sai a rufe da leda mai manne wadda za ta zarce bakin mikin da santimita 3 zuwa 5 ta kowane gefe, yadda iska ba za ta shiga ba. A huda ledar a liƙa tiyo, tiyon ya tafi cikin wani mazubi da ke jikin injin. Da an kunna, sai a ga soson ya motse ya manne, ruwan miki ya fara gangarowa cikin mazubin.

Ƙarfin zuƙar da aka fi amfani da shi shi ne maki 125 a irin ma'aunin da ake auna hawan jini da shi, amma akan rage shi zuwa 75 ko 80 ga yara, da tsofaffi, da wanda zafi ya dama, ko inda naman ba shi da ƙwari. Wannan zuƙa tana yin abubuwa huɗu. Tana janye ruwa da mugunyar da ke kwanciya a cikin mikin. Tana rage kumburi, wanda ke ba jini damar isa wurin. Tana jawo gefunan mikin su matso kusa da juna. Sannan tana zaburar da jiki ya tsiro da sabon jan nama, wanda shi ne ke cike rami har likita ya sami inda zai ɗinke ko ya yi dashen fata.

Wani abin da ke jan hankalin masu jinya shi ne, maimakon a buɗe miki kullum, wani lokaci ma sau biyu a rana, a wannan tsari sai bayan sa'o'i 48 zuwa 72 ake sauya soson. Wari yakan ragu, zanen gado ba ya jiƙewa, maras lafiya kuma yana hutawa da azabar wankin kowace safiya.

Daga ina ya fito?

Likitocin tsohuwar Tarayyar Sobiyet sun gwada zuƙar raunuka masu mugunya tun a shekarun 1980, wani likitan Jamus mai suna Wim Fleischmann kuma ya bayar da rahoton amfani da soso da zuƙa a kan karaya mai rauni a 1993. Amma tsarin da ya bazu a duniya ya fito ne daga Jami'ar Wake Forest da ke jihar Carolina ta Arewa a Amurka, a hannun likitan tiyata Louis Argenta da abokin aikinsa Michael Morykwas. A 1997 suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a kan dabbobi, da kuma na raunuka 300 na mutane. Kamfanin KCI na birnin San Antonio a jihar Texas ne ya fitar da injin kasuwa da sunan V.A.C. a tsakiyar shekarun 1990. A 2019 kamfanin 3M ya saye uwar kamfanin KCI a kan kimanin dala biliyan 6.7, abin da ke nuna irin kuɗin da ke cikin harkar. Yanzu kamfanoni da dama a Turai da Asiya suna ƙera irin nasu.

'Yan kasuwa za su fi kowa gane sirrin cinikin. Ribar ba a kan injin kaɗai take ba, tana kan soso da leda da tiyo da mazubi, waɗanda sau ɗaya ake amfani da su a jefar. Kamar mai sayar maka da fitila ne da arha alhali shi kaɗai ke da batirinta.

Ba kowane miki yake wa magani ba

A 2005 mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa binciken David Armstrong da Lawrence Lavery a kan masu ciwon sukari 162 da aka yanke wa wani sashe na ƙafa. Cikin waɗanda aka sa wa injin, kashi 56 cikin ɗari sun warke a lokacin binciken, waɗanda aka yi wa wanki da ɗauri na yau da kullum kuwa kashi 39. Wannan ya ƙara wa injin farin jini ƙwarai.

To amma a 2018 wani babban bincike da aka yi a asibitocin Birtaniya a kan mutum 460 masu mummunar karayar ƙafa mai rauni ya nuna cewa bayan shekara guda babu wani bambancin a-zo-a-gani tsakanin waɗanda aka sa wa injin da waɗanda aka yi wa ɗauri na al'ada. Haka kuma a 2020 an wallafa wani binciken da aka yi a asibitoci biyu, ɗaya a Jodan ɗaya a Iraƙi, a kan waɗanda harsashi da bama-bamai suka raunata a hannu ko ƙafa, inda shi ma bai ga injin ya fi ɗauri na al'ada ba. Wannan sakamako yana da muhimmanci ga yankin Sahel, inda rashin tsaro ya ƙara yawan irin waɗannan raunuka.

Abin da za a ɗauka a nan shi ne, tushen warkewa yana ga yanke mataccen nama da wuri, da tsafta, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da gyara karaya, da daidaita sukari, da abinci mai gina jiki. Injin mataimaki ne ga wasu raunuka da aka zaɓa. Akwai ma wuraren da aka hana sa shi: a kan miki mai ciwon daji, ko wanda mataccen nama ke cikinsa, ko ƙashin da ya kamu da ruɓa ba a yi maganinsa ba, ko kai tsaye a kan jijiyar jini da ta fito fili, ko a kan ƙofar da ba a gano inda ta dosa a cikin jiki ba. Mai shan magungunan tsinka jini irin su warfarin kuwa, sai an yi taka-tsantsan sosai.

Darasin da Amurka ta koya

A watan Nuwamba na 2009 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da gargaɗi bayan ta sami rahoton mutuwar mutum 6 da jikkatar 77 a cikin shekara biyu, duk masu nasaba da wannan inji. Zuwa Fabrairun 2011 adadin ya kai mutuwar 12 da jikkatar 174 tun daga 2007. Zubar jini ne ya fi yin kisa. Akwai kuma waɗanda aka manta guntun soso a cikin mikinsu har ya ruɓe. Yawancin mace-macen sun auku ne a gidaje da gidajen kula da marasa lafiya na dogon lokaci, wato wuraren da babu ƙwararren ido a kusa. Daga cikin shawarwarin da hukumar ta bayar akwai horar da ma'aikata, da koya wa maras lafiya da masu jinyarsa alamun haɗari.

Idan haka ta faru a ƙasar da wuta ba ta cika ɗaukewa ba, kuma motar asibiti ke isowa cikin mintuna, me ake tsammani a ɗakin da nas ɗaya ke kwana da gadaje masu yawa, a watan Afrilu lokacin da zafi ya tsananta ana rabon wutar lantarki unguwa-unguwa?

Abin da ya kamata nas ya iya

A Burkina Faso makarantar kiwon lafiya ta ƙasa, ENSP, da wasu makarantu masu zaman kansu ne ke yaye nas-nas, inda mai neman babbar takardar shaida ta gwamnati ke shafe shekara uku. A Nijeriya ma akwai makarantun jinya a kowace jiha, da na ƙarin ƙwarewa irin ta asibitin ƙashi na Dala a Kano. Wannan karatu yana ba nas tushen wankin rauni da tsafta, amma sarrafa injin tsotsa sana'a ce ta hannu, kamar ɗinki ko tuƙi, wadda sai an yi ta a gaban gwani sau da yawa kafin a sake wa mutum mara. Taron yini guda da wakilin kamfani zai yi a otal a raba takardar halarta ba ya wadatarwa.

Abu na farko da ake koyarwa shi ne duba mikin kafin a taɓa soso. Nas zai auna tsawo da faɗi da zurfi ya rubuta, ya duba ko akwai jijiya ko ƙashi a fili, ya tambayi magungunan da maras lafiya yake sha. Idan ya ga abin da ya saɓa wa ƙa'ida, haƙƙinsa ne ya koma wa likita kafin a kunna.

Na biyu shi ne yankan soso. Ba a yanka shi a saman mikin, domin kada ɓurɓushi ya zuba ciki. Ba a danna shi da ƙarfi kamar ana cusa auduga a buhu. Ba a bari ya hau kan lafiyayyar fata, domin zai tsotse ta ta yi laushi ta salluɓe. Kuma duk guntun da aka sa sai an ƙirga an rubuta adadin a jikin ledar da kuma takardar maras lafiya. Idan guda uku aka sa, guda uku za a ciro, ko da wani nas ɗin ne ya zo sauyawa.

Na uku shi ne mannewa. Ƙofa komai ƙanƙantarta tana lalata aikin gaba ɗaya, mikin ya bushe, injin ya yi ta kuka. A ƙasarmu mai zafi gumi yakan ɗaga ledar, musamman a matsematsi, da tsakanin yatsu, da kewayen ƙarafan da ake ɗaure karaya da su. Sanin yadda ake busar da fata, da yanka leda ƙanana-ƙanana a bi lungu, da gano inda iska ke shiga ta hanyar saurare, shi ne ke bambanta gwani da ɗan koyo. Haka nan dole a lura kada tiyon ya kwanta ƙarƙashin maras lafiya ya haifar masa da sabon gyambo.

Na huɗu shi ne karanta mazubi. Ruwa mai kalar ruwan nama ko ɗan fatsi-fatsi ba abin damuwa ba ne. Amma jan jini mai haske, ko mazubi ya cika farat ɗaya, yana nufin jijiya ta fashe. A nan babu jira: a kashe injin nan take, a danne wurin da hannu, a bar soson a inda yake, a kira likita. Mugunya mai kauri, da wari, da zazzaɓi, da jan da ke yaɗuwa a kewayen mikin, alamun ruɓa ne da ke buƙatar a buɗe a duba.

Na biyar shi ne dokar sa'o'i biyu. Idan injin ya tsaya fiye da sa'o'i 2, ko saboda ɗaukewar wuta, ko mutuwar batir, ko toshewar tiyo, ba a barin soson a rufe a ciki, domin ya zama matattarar ƙwayoyin cuta. Sai a cire a mayar da ɗauri na al'ada har a gyara. Wannan doka ta fi shafar masu aikin dare, shi ya sa horon da ya tsaya a kan ma'aikatan safe kawai rabin horo ne.

Na shida shi ne rage zafi. Sabon nama yakan kutsa cikin ƙofofin soso, cire shi da ƙarfi yana sa jini da azaba. Nas ɗin da ya san aikinsa zai ba da maganin zafi tun kafin lokaci, ya kashe injin, ya jiƙa soson da ruwan gishirin asibiti ya ɗan jira kafin ya ɗaga. Sannan duk mako zai sake auna mikin. Idan mako ɗaya zuwa biyu suka wuce ba a ga ci gaba ba, sai a sanar da likita ya sake lale, maimakon a ci gaba da cin kuɗin mutane.

Na ƙarshe shi ne koya wa mai jinya. A asibitocinmu ɗan'uwa ne ke kwana a gindin gado, shi ne zai fara jin ƙarar injin da tsakar dare. Bayanin da aka yi masa da Faransanci ko Ingilishi alhali Hausa ko Mosanci ko Fulatanci yake ji, tamkar ba a yi ba ne.

Ƙirar gida da haɗarinta

Saboda tsadar kayan kamfani, likitoci a Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka da Asiya sun daɗe suna haɗa nasu: soson da aka dafa a na'urar kashe ƙwayoyin cuta, da tiyon ba da abinci ta hanci, da ledar tiyata, a haɗa da injin zuƙa na asibiti. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010, wata ɗalibar injiniya daga cibiyar MIT ta Amurka mai suna Danielle Zurovcik ta gwada wani famfo mai kama da zugazugin maƙera, wanda ake matsawa da hannu ba ya buƙatar wuta, kuɗin ƙera shi kuma bai wuce dala 3 ba a lokacin. Daga baya an gwada shi a Ruwanda.

Wannan dabara ta buɗe ƙofa ga talaka, amma ta ƙara wa nas nauyi. Injin kamfani yana da ƙararrawar da ke kuka idan iska ta shiga, ko tiyo ya toshe, ko mazubi ya cika. Ƙirar gida ba ta da ko ɗaya, kuma injin zuƙa na asibiti yana iya ja da ƙarfin da ya zarce ƙima idan ba a daidaita shi ba. A irin wannan hali idon nas shi ne ƙararrawa. Ke nan gwargwadon arhar kayan aiki, gwargwadon ƙwarewar da ake buƙata daga mai riƙe da su.

Ga kuma ƙarancin ma'aikatan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2020 duniya na da giɓin nas-nas miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Wanda aka horar yau, gobe an yi masa canjin wurin aiki ko ya tafi Turai ko Saudiyya. Saboda haka asibitin da ke son amfanin injin sai ya horar da dukkan ma'aikatan ɗaki, ya rubuta ƙa'idojin a manna a bango, ya kuma riƙa maimaita horon ga sababbin zuwa.

Shawara ga 'yan kasuwa

Idan likita ya ce za a sa wa ɗan'uwanka injin, kada kunya ta hana ka tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Mene ne ake son cimmawa da shi, kuma kwana nawa ake sa ran zai ɗauka? Nawa ne kuɗin kowane sauyi, kuma akwai soso da leda da mazubin da za su kai ƙarshen jinyar? Wa zai riƙa sauyawa, kuma akwai wanda ya iya a cikin masu aikin dare da na ranar hutu? Me za a yi idan aka ɗauke wuta? Asibitin da ya san abin da yake yi ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba.

Kada mai jinya ya kashe injin don ƙararsa ta hana barci, kada ya ɗaga ledar don ya leƙa, kada kuma a zuba zuma ko garin magani ko toka a ƙarƙashinta. Maras lafiya yana iya yin taimama da salla a zaune ko a kwance ba tare da an taɓa ɗaurin ba. A ba shi ƙwai da wake da kifi da nama da nono gwargwadon hali, domin miki mai zubar ruwa yana tafiya da sinadarin gina jiki. Mai shan taba ya ajiye ta, mai sukari ya riƙe maganinsa.

Haka kuma kada a ɗauki mutum da injin a jikinsa a hau mota zuwa gida ba tare da sanin likita ba. Daga Wagadugu zuwa Yamai ya haura kilomita 500, ga jiran shingaye da na kan iyaka, batir yana iya mutuwa a hanya. Idan tafiyar ta zama dole, likita zai cire injin ya yi ɗauri na al'ada, ya rubuta takardar da za a kai wa asibitin da za a je, ko a Yamai ne, ko Maradi, ko Sakkwato, ko Kano.

Masu shigo da kaya kuma su yi hattara da tsofaffin injuna na hannu. Injin da ba a samun sosonsa da mazubinsa a ƙasa, ƙarfe ne kawai. Wanke soso ko mazubi a sake sa wa wani, sayar da cuta ne. Sannan haya ko sayar da injin ga mai jinya a gida, inda babu nas ɗin da ya iya, babban haɗari ne, kamar yadda aka gani a Amurka.

A ƙarshe, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan zango da masu hannu da shuni sukan so yi wa asibiti alheri, kuma abin da ya fi saurin zuwa zuciya shi ne sayen na'urar da za a ɗauki hoto da ita. Zai fi amfani a fara zama da shugabannin asibitin a ji abin da suke buƙata. Sau da yawa ɗaukar nauyin horar da nas-nas na ɗaki guda, da tanadin kayan sauyi na wasu watanni, da batir ko hasken rana da zai riƙe injin idan wuta ta tafi, shi ne zai sa na'urar ta yi aiki maimakon ta kwanta a sito ƙura ta rufe ta. Wanda zai ci moriyar wannan sadaka, wataƙila maƙwabcin rumfarka ne, wataƙila kuma yaron shagonka da ka aika da babur.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kiyaye mu a kan hanyoyinmu, Ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.